Ranar da silin ɗinmu ya zubo: wata biyar ina ciniki da kamfanin inshora

Ranar Laraba 17 ga Fabrairun 2021, wajen la'asar, na sa makulli a ƙofar gidanmu da ke yammacin Houston, a jihar Texas ta Amurka, tun kafin in tura na ji ƙarar ruwa daga ciki. Ba ɗigo ba, zuba ce irin ta indararo ranar mamakon Agusta a Zariya. Uwargida tana bayana da auta a kafaɗa. Ta ce, "Malam, famfo ka bari a buɗe?" Na tura ƙofar, ruwa ya biyo ta ƙarƙashinta ya shige mini cikin takalmi, sanyinsa har tsakiyar kaina.

Silin ɗin falo ya kumbura ya yo ƙasa kamar cikin akuya mai shirin haihuwa, ruwa yana tsiyaya ta ramin fanka. Na ɗakinmu kuwa ya riga ya faɗo a kan gado, da tarin audugar nan mai ruwan hoda da suke shimfiɗawa a cikin rufi don tare sanyi da zafi.

Wanda bai san abin da ya faru a Texas a makon nan ba, ga shi a taƙaice. Daren Lahadi dusar ƙanƙara ta sauka a garin da ba a saba ganinta ba, cikin daren kuma aka ɗauke wuta. Mu da muka taso a Najeriya ɗauke wuta ba ya firgita mu, har tsiya na yi wa maƙwabcina da safe. Ashe ɗauke wuta cikin sanyin da ya kai digiri 10 ƙasa da sifili wani abu ne daban. Gidaje sama da miliyan 4 suka zauna a duhu, daga baya hukumomin jihar suka ce mutum 246 ne suka rasu. In ana lissafin waɗanda suka yi asara, ni ba na sahun gaba, na kuma san da haka.

Ranar Talata muka kwashe yara muka koma gidan wani dattijo Bakano da muke kira Alhaji, saboda shi yana da murhun gas. Kuskurena ɗaya ne: ban rufe ruwan gidan ba. Famfunan sun riga sun ƙafe, na ɗauka an ɗauke ruwa ne. Ashe ƙanƙara ce ta toshe hanya. A Houston yawancin gidaje ta cikin rufi ake bi da bututun ruwa, a sararin da ke tsakanin silin da jinka, inda ba abin da ke ɗumama shi. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, ya tsaga bututu, kai kuma ba za ka sani ba sai ya narke.

Wurin rufe ruwan yana bakin titi, cikin wani rami mai murfi, cike da laka. Na yi ta fama da filaya har hannuna ya mutu. Maƙwabcina ɗan asalin Meziko, wanda na yi wa tsiya ranar Litinin, shi ya zo da wani dogon ƙarfe mai hannu a gicciye, ya zura ya murɗa sau ɗaya, gidan ya yi tsit.

Na riga na ɗauko tsintsiya da bokiti lokacin da Alhaji ya kira. Ya ce, "Ajiye tsintsiyar nan, ɗana. Ka ɗauki hoto tukuna. Kowane ɗaki, kowane lungu, da bidiyo kana faɗin kwanan wata da bakinka. Abin da ka share kafin su gani, a wurinsu bai faru ba." Shi guguwar Harvey ta 2017 ta koya masa karatu. Na bi maganarsa, na ɗauki hoto fiye da ɗari biyu kafin magariba, har da na cikin kabad da ƙarƙashin gado. Da ban yi ba, da rabin abin da zan ba ku labari bai yiwu ba.

Na san akwai mai karanta wannan da zai ce ina ruwan Musulmi da inshora. Na ji maganganun malamai a kai, na kuma san ana yin takaful, wato inshora ta tsarin Musulunci, a gida Najeriya. Abin da zan iya faɗa shi ne, a nan ba mai ba ka kuɗin sayen gida, ko banki ko masu tsarin Musulunci, sai gidan yana da inshora. Hukunci kuwa na bar wa masu shi.

A daren na kira kamfanin. Minti hamsin ina jin kiɗa kafin wata mata ta ɗauka. Nan na kusa yin ɓaranɓarama, don na ce mata ambaliya ta ci gidana, da kalmar Turancin da ke nufin haka. Ta yi jim, sannan ta tambaye ni a hankali: ruwan nan daga ƙasa ya taso ya shigo, ko daga sama ya zubo? Sai maganar Alhaji ta faɗo mini. Inshorar gida ta yau da kullum a Amurka ba ta biyan ambaliya, wato ruwan da ya malalo daga waje. Wannan inshora ce daban, yawanci ta gwamnatin tarayya, kuma rashinta ne ya durƙusar da mutane da dama lokacin Harvey. Abin da tawa take biya shi ne ruwan da ya ɓalle farat ɗaya daga bututun cikin gida. Ko shi ma in ya zama yoyo ne da ya daɗe yana ɗiga ka ƙyale, za su ce sakacinka ne. Na gyara bakina na ce bututu ne ya fashe a rufi. Ta ba ni lambar fayil, ta ce in yi duk abin da zan iya don kada ɓarnar ta ƙaru, in kuma ajiye rasit.

Wannan "kada ɓarnar ta ƙaru" ba shawara ba ce, sharaɗi ne a cikin yarjejeniyar. Gidajen nan ba na bulo da siminti ba ne. Katako ne aka lulluɓe da wani allo mai kama da alli da takarda a bayansa, kuma in ya sha ruwa, cikin kwana ɗaya zuwa biyu funfuna take fara kama shi. Inshora a Texas kuwa ba ta son jin maganar funfuna, abin da take biya a kanta ƙalilan ne. Masu busar da gida duk an yi musu rubdugu, sai ranar Asabar na samu wasu. Kafin su zo, ni da matasa biyu daga masallacinmu muka yayyanka kafet muka fitar, muka huda kumburin silin da sandar tsintsiya muka tara bokiti. Da suka zo suka yanke bango daga ƙasa zuwa tsayin ƙafa biyu, suka jera fankoki goma sha ɗaya da injinan tsotse danshi uku. Kwana biyar suna ruri dare da rana. Kullum wani yaro yana zuwa da na'ura mai tsinke biyu, ya soka a katako ya rubuta lamba. Na roƙe shi kwafin takardar, ya yi mamaki, ya ba ni.

Mai gyaran famfo ya fi kowa tsada a makon. Har sai da gwamnan jihar, Greg Abbott, ya ba da damar masu sana'ar daga wasu jihohi su shigo su yi aiki, kayan gyara kuma sun ƙare a shaguna. Wanda na samu ya hau rufi ya yanko guntun bututun jan ƙarfe ya miƙo mini. Tsagar ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba, leɓenta ya buɗe waje kamar an tsaga wake. Wannan ɗan abin ne ya yi duk ta'asar. Ya ce in adana shi, don shi ne shaidar cewa ƙanƙara ce ta fasa, ba tsatsa ba. Dala 650 na biya shi, kuma ba a mayar mini ba: takardar tawa tana biyan ɓarnar da ruwa ya yi, ban da bututun da ya zubo da ruwan.

Akwai wata asarar da na jawo da hannuna. Inshorar tana biyan ƙarin kuɗin da ka kashe in gidanka bai zaunuwa, kamar otal da bambancin kuɗin abinci. Mu kuwa kwana takwas muka yi a gidan Alhaji, mu shida, Hajiya tana girka mana sau uku a rana. Da na tambaya ko za a biya wani abu in kai musu, aka ce ina rasit? Zumunci ba shi da rasit. Ko da yana da shi, wa zai iya kallon idon Alhaji ya ce rubuta mini nawa muka ci? Daga nan muka koma otal mai ɗan kicin, wannan kam sun biya har kobon ƙarshe.

Mai kiyasin ɓarna, wanda a nan ake kira ajasta, sai 4 ga Maris ya zo. Daga wata jihar aka aro shi, ya ce gidanmu ne na bakwai a ranar. Mutumin kirki, har ya cire takalmi da ya ga namu a bakin ƙofa, ko da yake ba sauran abin da takalmi zai ɓata. Ya auna ɗakuna da wata fitila mai jan haske, ya ɗauki hotuna, ya yi mini tambaya ɗaya da na gane nauyinta daga baya: da kuka bar gidan, kun bar na'urar ɗumama ɗaki a kunne? Akwai sharaɗin cewa in bututu ya daskare, sai ka nuna ka yi ƙoƙarin ɗumama gida, ko ka rufe ruwa ka tsiyaye bututun. Na ce a kunne take, wuta ce babu. Na nuna masa saƙonnin kamfanin wuta a wayata, ya ɗauki hotonsu. Minti arba'in ya tafi.

Bayan kwana goma sha biyu kiyasi ya iso, shafi goma sha tara. Jimlar gyara dala 21,400. Daga ciki aka cire 2,600, kason da ke wuyana, abin da suke kira didoktibul. Nawa kashi ɗaya cikin ɗari ne na kuɗin da aka yi wa gidan inshora, ni kuma duk shekarun nan ban taɓa buɗe shafin da aka rubuta hakan ba. Aka sake cire 4,300 na ragin tsufa, wai kafet da fenti da daɓen katakon sun riga sun sha jiki, ba sababbi ba ne. Abin da ya rage 14,500.

Wallahi da na ga cakin, godiya na fara yi. Irin tarbiyyarmu, in hukuma ko kamfani ya ba ka abu a rubuce da hatimi, kunyar musu kake ji, kamar za a ce ka cika kwaɗayi. Sai da 'yan kwangila uku suka zo suka duba, mafi sauƙinsu ya ce 33,000. Na zauna a falo a kan siminti tsirara ina lissafin inda zan ciwo bashi.

Uwargida 'yar Kano ce, mahaifinta a Kantin Kwari ya yi rayuwarsa. Ta karɓi takardun ta juya su, ta ce, "Malam, kai da ka je sayen ragon layya ba ka taɓa biyan kuɗin farko ba. Wannan ai tayi suka yi maka. Ka ce albarka."

Ita ce da gaskiya. Karɓar cakin farko ba ya rufe magana, muddin ba ka sa hannu a takardar cewa an gama ba. Amma albarkar nan ba da baki ake faɗinta ba. Na zaɓi ɗan kwangilar da ke amfani da Xactimate, manhajar da yawancin kamfanonin inshora ke yin kiyasi da ita, don a yi magana da harshe ɗaya. Muka baje takardarsa da tasu a kan tabarma, layi bayan layi. A nan na ga inda kuɗin ya maƙale. Ajasta bai auna lungun da ke tsakanin ɗakuna ba sam. Ya rubuta fentin bango ɗaya a ɗakin da aka yanke bango uku. Ya manta audugar rufi. Kabad ɗin kicin da ruwa ya shiga ƙarƙashinsu, ba a sa kuɗin cire su da mayar da su ba. Ba a sa ladan babban ɗan kwangila ba, wanda a al'adar sana'ar kashi goma ne na ɗawainiya da kashi goma na riba, alhali aikin ya haɗa kafinta da mai fenti da mai lantarki da mai daɓe. Ga shi katako yana ta tashi a watannin nan, farashin Fabrairu ba ya saye a Afrilu. Ban ce mutumin ya cuce ni da gangan ba. Wanda ya shiga gida bakwai a yini ɗaya dole ya tsallake lungu. Sai dai na lura duk tsallaken ɓangare ɗaya ya karkata.

Muka tura buƙatar ƙarin kiyasi, kowane layi da hotonsa da lambar danshin da yaron nan ya rubuta. Daga nan aka shiga zaman jira. Sau uku ana canza wanda ke riƙe da fayil ɗina, kowanne sai na faro masa daga ranar Laraba. Na ƙwace wani littafin rubutu na 'yata, duk wanda na yi magana da shi in rubuta rana da lokaci da abin da ya ce, in kuma bi shi da imel: kamar yadda muka yi magana ɗazu, ka ce kaza. Azumi ya kama 13 ga Afrilu, muna gida rabi a buɗe, muna shan ruwa a kan tabarma, ƙurar allo tana sauka a kan kunu.

Abin da ya motsa su shi ne ranar da na fara ambaton kwanaki. Dokar Texas ta ba kamfani kwana 15 ya amsa cewa ya karɓi buƙatarka, sannan kwana 15 na aiki bayan ka ba shi duk takardun da ya nema ya ce ya yarda ko bai yarda ba, in ya yarda kuma ya biya cikin kwana 5 na aiki. Yana iya neman ƙarin kwana 45 in ya faɗi dalili, lokacin bala'i kuma ana ƙara musu kwana 15. A shafin Ma'aikatar Inshora ta Jihar Texas na karanta, inda kuma ake shigar da ƙorafi. Na rubuta musu cikin ladabi cewa ga ranar da na tura takarda ta ƙarshe, ga ranar da muke ciki. Kwana huɗu aka turo wani ajasta. Shi kam awa biyu ya yi, ya hau rufi, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin kabad da tocila. Sabon kiyasi ya koma 29,800.

Na yi tunanin ɗaukar ajasta mai zaman kansa, wanda ke tsaya wa mai gida, amma ladansa yana iya kai kashi goma cikin ɗari na abin da aka biya, ni kuma tazarar da ta rage ba ta kai in raba da wani ba. Abu ɗaya na sha kaye a kai. Daɓen katakon falo ya zarce har ɗakin cin abinci, inda ruwa bai kai ba, kuma an daina yin irinsa. Na ce a canza duka don launi ya zo ɗaya, suka ce abin da ya jiƙe kawai za su biya. Muka ja, muka ja, na gaji. Har yau akwai siririn ƙarfe a tsakani, wannan gefen ruwan zuma, wancan ruwan ƙasa.

Shi kansa cakin ba ka isa ka kai banki kai tsaye ba. Sunaye uku ne a kai: nawa, na uwargida, da na masu bashin gidan, don su ma suna da haƙƙi a ginin. Sai da muka sa hannu muka aika musu, suka buga hatimi suka dawo da shi bayan kwana goma sha biyu. Sun ce da kuɗin ya fi haka yawa, riƙewa za su yi su riƙa saki kashi-kashi suna turo mai duba aiki. Wani ɗan kwangila ma ya raɗa mini cewa zai "cinye" mini didoktibul ɗin, wato ya kumbura takarda in huta da biyan kasona. Tun 2019 doka ta haramta haka a Texas, kamfani kuma yana iya neman shaidar ka biya. Nawa sun nema. Ragin tsufan da suka riƙe ba ya ɓacewa in takardarka ta maye gurbi da sabo ce, amma sai an gama aiki ka tura rasit da hotuna kafin wa'adi ya cika. An gama fenti ana saura kwana tara babbar Sallah, kuɗin ya shigo ƙarshen Yuli.

Na bar maganar kayan ɗaki a ƙarshe don ita ta fi cin rai. Gado da katifa da talabijin ba wuya, akwai farashinsu a intanet. Amma a saman kabad ɗin ɗakinmu, daidai inda silin ya faɗo, akwatunan lefen uwargida ne guda biyu. Shadda, leshi, atamfofin Holan da ba a ko ɗinka ba, tana ajiye wa 'yarmu. Ruwan ya biyo ta cikin auduga da ƙurar shekaru, launi ya zuba a kan launi, kafin mu kai gare su funfuna ta yi musu baƙin tabo. Ranar da ta buɗe ba ta ce komai ba, ta ɗaga turmi ɗaya ta shinshina ta mayar.

Matar da ke kula da lissafin kaya ta rubuta su a matsayin yadi, ta sa musu farashin yadin labule. Ina za mu samo rasit na lefen da aka haɗa shekara goma sha huɗu da suka wuce? Uwargida ta zauna dare biyu. Ta ɗauki hoton hatimin da ke bakin kowane turmi, ta nemo shagunan Landan da na Amurka da ke sayar da shaddar Getzner da atamfar Vlisco a intanet da farashinsu, ta haɗa da hotunan ranar kai lefe inda akwatunan suke a buɗe mata sun kewaye su. Matar ta kira da kanta ta ce ba ta taɓa sanin akwai yadin da ya kai haka ba, ta gyara. Don a saki ragin tsufansu sai an sayi madadinsu, saboda haka yayar uwargida ta shiga Kwari ta saya, ta sa mai shago ya rubuta rasit da hatimi, yana tambayarta ko kotu za a je. Da canjin banki suka lissafa, ba na 'yan Wapa ba.

Jerin kayan ya kai layi tamanin da uku. Can ƙasa, cikin kayan sito da ruwa ya jiƙa, uwargida ta sa kuka da kuɓewa busasshiya da yaji da daddawar da aka kawo mana daga gida. Na ce ta cire, kada mu ba da kanmu. Ta ce ai ba kyauta aka auno su ba. Da takardar ƙarshe ta zo na bi layi-layi har na iso wurin. Sun biya daddawa dala 18, sun cire dala 4 na ragin tsufa.

Na nuna mata. Ta kalli takardar, ta kalle ni, ta ce, "Ragin tsufa a kan daddawa? Ba ni lambar matar nan."